Lissafin kyauta a Japan: nawa ake bayarwa, nawa ake mayarwa, kuma me ya sa rabi

A Japan kyauta tana da lissafi, kuma kowa ya san lissafin. Mutumin da aka gayyata liyafar auren abokinsa ya san nawa zai sa a ambulan tun kafin ya je banki. Ya san launin zaren da za a ɗaure ambulan ɗin da shi, ya san irin ƙullin, ya san da wace tawada zai rubuta sunansa. Ango da amarya su ma sun san abin da za su mayar masa. Baƙo idan ya ga wannan yakan ɗauka ƙaƙale ne kawai na mutanen da suka cika son tsari. Amma duk ƙa'idojin nan abu ɗaya suke karewa: kada kyauta ta zame wa mai karɓa kaya, kuma kada a biya ta kaf har ya zamana babu sauran abin da ya haɗa mutum biyu. A irin wannan tsari, wanda ya wuce gona da iri ya yi kuskure daidai da wanda ya yi ƙwauro, wani lokaci ma nasa kuskuren ya fi ciwo.

Nauyin da ke hawa kan mutum idan an yi masa alheri Japanawa suna kiransa giri. Babu kotun da za ta tilasta maka sauke shi, amma wanda aka san ba ya saukewa, sannu a hankali jama'a sukan janye jiki daga gare shi. Inda aka fi ganin aikinsa ƙarara shi ne aure da mutuwa.

A mafi yawan ƙasar, kuɗi ake kai wa ma'aurata ranar liyafa, ana kiransu goshugi. Aboki ko abokin aiki yen 30,000 yake sawa, wajen dala 200 ke nan a canjin shekarun nan. Ba ƙaramin kuɗi ba ne: mafi ƙarancin albashin da aka yanka a Tokyo a Oktoban 2024 yen 1,163 ne a awa, wato mai irin wannan aiki sai ya yi fiye da awa 25 kafin ya haɗa kuɗin biki ɗaya. Shugaban ango a wurin aiki yakan sa 30,000 zuwa 50,000. Kawu da goggo da 'yan'uwa na jini sukan sa 50,000 zuwa 100,000. Mata da miji da aka gayyata tare sukan haɗa 50,000 ko 70,000 a ambulan ɗaya. Adadin 30,000 ɗin nan yana da tushe. Abinci da abin sha na baƙo ɗaya a otal ko zauren biki sukan ci wajen yen 15,000 zuwa 20,000, jakar kyautar da ake ba shi ya tafi da ita gida takan ci wajen 5,000, to abin da ya rage shi ne ainihin taya murna. Wanda ya kawo 10,000 ya zauna ya ci ya sha, ya bar ma'auratan da giɓi. Daga nan ne kuma ƙa'idar rashin halarta ta fito. Idan ka sanar da wuri cewa ba za ka samu zuwa ba, 10,000 ta wadatar, tunda ba a dafa da kai ba. Idan kuwa sai ana saura kwana biyu ko uku ka janye, cikakken kuɗin za ka aika, domin an riga an biya kujerarka.

Ana gudun adadin da ke rabuwa gida biyu daidai, saboda yana nuni ga rabuwar aure, shi ya sa 30,000 da 50,000 da 70,000 suka zama ruwan dare. Ba a ba da 40,000 domin lafazin huɗu ya yi daidai da na mutuwa, ba a ba da 90,000 domin lafazin tara ya yi daidai da na wahala. An yi wa 80,000 da 100,000 togiya. Matashin da bai daɗe da fara aiki ba, idan 20,000 ce iyakar ƙarfinsa, yakan sa takardar 10,000 guda da ta 5,000 guda biyu, takardun su zama uku. Kuma dole su kasance sababbi dal, waɗanda ba a taɓa naɗewa ba. Ma'anar ita ce ka daɗe kana jiran wannan rana har ka je banki musamman dominta. Nan mutane da yawa suke makara: yawancin bukukuwa Asabar da Lahadi ake yi, ranakun da bankuna ke rufe, saboda haka sai an nemi canjin tun tsakiyar mako.

Ita ambulan ɗin ma tana magana. Ninki biyu ce. A ta ciki ake sa kuɗi, fuskar mutumin da ke jikin takarda tana kallon gaba. A bayanta a rubuta suna da adireshi, a gabanta a rubuta adadi da tsofaffin haruffa masu sarƙaƙiya, saboda a rubutun yau da kullum ɗaya da biyu da uku layuka ne kwance waɗanda ƙarin layi ɗaya zai canza. Wanda ya bar ta ciki babu suna ya jawo wa ma'aurata wahala, domin da daddare idan aka ware ambulan saba'in ko tamanin aka cire na waje, ba za a san kuɗin wa ke nan ba, kuma ba za a iya rubuta shi a littafi ba. Ta waje farar takarda ce mai kauri da ake ɗaurewa da zaren takarda murɗaɗɗe mai suna mizuhiki, ja da fari ko ruwan zinariya da na azurfa. A bikin aure sili goma ake sawa, a sauran sha'anin farin ciki biyar. A kusurwar dama ta sama akwai wata 'yar alama mai suna noshi, wadda asalinta busasshen naman wata dabbar teku ce mai ƙwanso da ake haɗawa da kyauta a zamanin da. Yanzu takarda ce naɗaɗɗiya ko zane kawai. Har kyawun ambulan sai ya dace da abin da ke ciki. Ƙa'idar da aka saba ita ce kuɗin ambulan ya zama wajen kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ta ɗauka. Ambulan mai ado da tsuntsaye da furanni wadda aka buɗe aka tarar da 10,000 abin kunya ce.

Kuskuren da ya fi kowanne tsanani yana wajen ƙulli. Iri biyu ne manya. Akwai ɗauri irin na igiyar takalmi, wanda da an ja bakinsa zai warware a sake ɗaurawa. Wannan na abin da ake so ya maimaitu ne: haihuwa, shiga makaranta, ƙarin girma a wurin aiki. Akwai kuma ƙulli mai tamau da ba ya kwancewa, musubikiri, na abin da ake fatan sau ɗaya zai faru: aure, jinya, mutuwa. Wanda ya kai wa amarya ambulan mai ƙulli mai warwarewa kamar ya ce mata Allah ya maimaita ne. A kantunan unguwa da ke buɗe dare da rana ana jera ambulan ɗin nan kusa da juna, launinsu ɗaya, ƙullin kaɗai ya bambanta su, don haka mai gaggawa yana iya ɗaukar wadda ba ita ba. Haka naɗin bayan ambulan: a farin ciki leɓen ƙasa ne ke hawa kan na sama, a makoki na sama ne ke rufe na ƙasa. Ba a kuma zaro ta tsirara daga aljihu. Ana naɗe ta a ƙyalle mai suna fukusa, ja ko ruwan hoda don biki, shuɗi ko toka-toka don makoki. Mai son ƙyalle ɗaya ya yi masa duka biyun sai ya sayi shunayya mai duhu. A teburin karɓar baƙi ake warware ƙyallen, a juya ambulan yadda rubutun zai fuskanci mai karɓa, a miƙa da hannu biyu.

A makoki kusan komai juyawa yake. Kuɗin ta'aziyya sunansu koden, asalinsu kuɗin turaren da za a ƙona wa mamaci, kuma a ƙauyukan da shinkafa da kayan lambu ake kaiwa don gidan da aka yi rashi ya iya ciyar da masu zuwa. Maƙwabci yakan sa yen 3,000 zuwa 5,000, aboki ko abokin aiki 5,000 zuwa 10,000, jika ga kakansa 10,000 zuwa 30,000, ɗa ga mahaifinsa 50,000 zuwa 100,000 idan ba shi ke ɗauke da hidimar jana'izar ba. Sabuwar takarda a nan laifi ce, domin tana nuna kamar ka tanade ta kana jiran mutuwar. Idan sabuwa kaɗai ke hannunka sai ka naɗe ta sau ɗaya ta yi layi. Wannan ba ya nufin a kai yagaggiya ko mai datti. Zaren baƙi da fari ne ko ruwan azurfa zalla, a yankin Kyoto kuma rawaya da fari. Ba a sa noshi. Sunan mai bayarwa da tawada mai ruwa-ruwa, toka-toka, ake rubuta shi, wai hawaye ne suka tsinka ta, kuma ana sayar da alƙalami na musamman don wannan. Daga taron addu'ar kwana 49 bayan rasuwa zuwa gaba sai a koma baƙar tawada, tunda wannan taro an san da zuwansa.

Kalmar da ake rubutawa a saman ambulan tana bin addinin mamaci, ba na mai bayarwa ba. A yawancin ɗariƙun addinin Buddha ana rubuta goreizen, wato a gaban ran mamaci, kafin kwana 49, bayan nan a koma gobutsuzen, wato a gaban Buddha, domin a aƙidarsu ran mamaci yana kan hanya har tsawon waɗannan kwanaki. Ɗariƙar Jodo Shinshu, wadda tana cikin mafi yawan mabiya a ƙasar, ba ta yarda da wannan jira ba, don haka tun ranar farko gobutsuzen ake rubuta mata. Mabiya Shinto da Kiristoci kowa da tasa kalmar, kuma ambulan mai zanen furen bado ta 'yan Buddha ce kaɗai. Abin da ya fi sauƙi ga wanda bai sani ba shi ne ya tambayi wanda ya sanar da shi rasuwar, ya kuma ɗauki ambulan marar zane.

Yanzu ga mayarwa, wadda ita ce zuciyar lamarin. Bayan kwana 49, iyalan mamaci sukan aika wa duk wanda ya kawo koden kaya na rabin abin da ya bayar, ko kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya kawo 10,000 zai ga kwalin kaya na wajen 5,000 a ƙofarsa, tare da takardar godiya mai sanar da cewa an kammala zaman makoki. Abin da ake aikawa abu ne mai ƙarewa: ganyen shayi, busasshen ganyen teku, kayan zaƙi, sabulun wanki, don kada baƙin ciki ya zauna a gida. Wasu gidaje yanzu sukan raba kaya na 2,000 zuwa 3,000 ga kowa a ranar jana'iza, daga baya su bi waɗanda suka kawo da yawa da ciko. Haka ake yi a haihuwa: bayan kamar wata guda a aika rabin darajar abin da aka samu, da sunan jariri rubuce a takardar da ta lulluɓe kwalin, ta nan dangi ke koyon yadda ake rubuta sunan da yadda ake furta shi. Haka wanda ya tashi daga jinya yake yi wa waɗanda suka duba shi.

Me ya sa rabi? Idan ba ka mayar da komai ba, mai bayarwa bai san ko kyautarsa ta iso ba, ko ta samu karɓuwa, kai kuma kana yawo da nauyi a wuya. Idan ka mayar da duka, ka ce masa ba ka bukatar taimakonsa ke nan, ka goge abin da ya yi. Rabi yana cewa na gani, na gode, na kuma riƙe wani abu daga hannunka. Sauran rabin ba ya ɓacewa. Kowane gida yana da littafin da ake rubuta wanda ya kawo da nawa ya kawo, kuma ranar da mutuwa ko aure ya faɗo gidan wancan, littafin ake buɗewa a kai masa daidai abin da ya kawo, ko da shekara ashirin ta wuce, ko da ɗa ne zai biya abin da aka yi wa ubansa. Akwai gidajen karkara da suka adana irin waɗannan littattafai tun zamanin Edo, wanda ya ƙare a 1868, har masana tarihi suna amfani da su wajen gano yadda aka tashi daga ba da shinkafa aka koma ba da kuɗi.

Matan Hausa ba baƙin wannan ba ne, su da ke rubuta gudunmawar biki suna jiran ranar ramawa. Bambancin shi ne a wajenmu ramuwa da ƙari ake yabo, wani wuri har ninkawa ake yi, sai abin ya yi ta hawa har ya gagari ɗaya daga cikin ƙawayen. Tsarin Japan an gina shi ne don kada ya hau. Shi ya sa mai kuɗin da ya sa wa abokinsa 100,000 inda kowa ke sa 30,000 bai kyauta masa ba: ya ɗora masa mayar da kayan 50,000 nan kusa, ya kuma ɗora masa neman 100,000 ranar nasa bikin. A ganinmu wannan shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a duba a duk al'adar, wato mai bayarwa ya fara auna ƙarfin mai karɓa kafin ya auna nasa.

Ƙa'idar rabi tana da sassauci inda ya dace. Idan babba ne ya ba ƙarami kuɗi mai yawa, kakanni ga jikoki misali, kashi ɗaya cikin uku ya isa, domin nufinsu taimako ne, nacewa a kan rabi kuma kamar ƙin karɓa ne. Idan na ƙasa da kai ne ya ba ka, sai ka mayar masa da abin da ya kusa cika. Kuɗin sabuwar shekara da ake ba yara da kyautar shiga makaranta ba a mayar da su, tunda yaro ba shi da abin hannu, godiya ta wadatar. Wanda gobara ko ambaliya ta shafa shi ma ba a jiran komai daga gare shi.

Ban da aure da mutuwa, akwai kyauta sau biyu a shekara ga waɗanda mutum ke ƙarƙashin inuwarsu: iyaye, surukai, malami, wanda ya yi dalilin aure, babban abokin ciniki. Ta tsakiyar shekara ita ce ochugen, wadda ta samo asali daga wani bikin Sinawa na ranar 15 ga watan bakwai. A yankin Tokyo daga farkon Yuli zuwa 15 ga wata ake aikawa, a yankin Osaka da Kyoto daga tsakiyar Yuli zuwa 15 ga Agusta. Ta ƙarshen shekara ita ce oseibo, a Disamba, ana so ta isa kafin wajen 20 ga wata. Darajar kowace yen 3,000 zuwa 5,000 ce, kuma manyan kantuna irin su Mitsukoshi da Takashimaya sukan ware fili guda don wannan, ka zaɓa su naɗe su aika. Man girki, taliyar bazara, 'ya'yan itace, kofi, giya da naman alade sarrafaffe su ne aka fi aikawa. Musulmin da ke karatu ko kasuwanci a can ya kamata ya san da wannan: hanya mafi sauƙi ita ce abokan hulɗarsa su san tun farko abin da ba ya ci, domin Bajapane ya fi jin kunyar ya aika abin da ba za a yi amfani da shi ba fiye da a gaya masa gaskiya da wuri.

Tarkon da ke cikin waɗannan kyaututtuka biyu shi ne ba a yin su sau ɗaya. Wanda ya aika bana ya yi alkawarin baɗi ke nan, kuma rage daraja daga 5,000 zuwa 3,000 ana karanta shi a matsayin sanyin zumunci. Don haka mai hankali yakan fara da abin da zai iya ɗorewa a kai. Mai son godiya ta lokaci ɗaya sai ya rubuta kalmar godiya kawai a kan kwalin, kada ya rubuta sunan lokacin. Mai iya ɗaya kaɗai a shekara, ta Disamba zai riƙe. Wanda aka aika wa ba a bukatar ya mayar da kaya, amma ya aika godiya cikin kwana biyu ko uku. Idan kuma yana so a daina aiko masa, akwai hanyar da aka sani: ya aika kaya na daidai darajar abin da aka kawo ko fiye, da wasiƙa mai laushi cewa nan gaba kada a wahalar da kai. Cikakken biya shi ne rufe ƙofa. Baƙon da bai san haka ba, ya rama kyautar 5,000 da ta 10,000 don nuna karamci, ya aika saƙon da bai yi niyya ba.

Akwai kayan da ba a bayarwa, kuma galibi dalilin a bayyane yake. Ba a kai wa majinyaci shuka a tukunya, domin abin da ya yi saiwa ya zauna ke nan. Ba a kai masa furen kiku, na makabarta ne. Wuƙa da almakashi ba sa zuwa gidan amarya. Wanda ya tare a sabon gida ba a ba shi jan abu ko abin kunna wuta. Takalmi da safa ba a ba na gaba da kai, abin takawa ne. Tsaraba kuwa wajibi ce ga wanda ya yi tafiya ya bar abokan aiki da aikinsa, shi ya sa tashoshin jirgin ƙasa suke cike da kwalayen kayan zaƙi da aka naɗe ɗaya-ɗaya. Sai ka ƙirga mutanen ofis kafin ka sayi kwali mai 12 ko mai 24. Wanda ya tare a sabuwar unguwa yakan gaida gidaje uku na tsallaken hanya da biyu na gefensa da ɗan tawul ko sabulu na yen 500 zuwa 1,000.

Ba duk Japan ce ke bin lissafi ɗaya ba. A Hokkaido yawancin bukukuwan aure kuɗin shiga ake yankawa, a rubuta a katin gayyata, baƙo ya zaro daga walat ya biya ba tare da ambulan ba, kuma a wajen makoki har rasit ake ba wanda ya kawo koden. A Okinawa ana tara baƙi 200 zuwa 300, kowa ya kawo 10,000. A jihar Gunma da kewayenta, wurin jana'iza yakan kasance da teburi na daban ga mai son ba da kuɗi kaɗan, 1,000 zuwa 3,000, bisa sharaɗin ba za a mayar masa da komai ba. Wannan saura ne na wani yunƙurin rage almubazzaranci a bukukuwa da ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Wato su kansu Japanawa sun daɗe suna kokawa da nauyin abin.

Inda al'adar ta fi haɗari shi ne inda ta haɗu da mulki, domin wanda ya karɓa yana jin dole ya rama, kuma jami'i ko mai zaɓe da abin da ke hannunsa zai rama. Dokar zaɓen Japan ta hana ɗan siyasa ba mutanen mazaɓarsa kyauta. Kuɗin biki da na ta'aziyya ma ba a hukunta shi a kansu ne kawai idan shi da kansa ya halarta ya miƙa. A Oktoban 2014 ministar shari'a Matsushima Midori ta sauka daga muƙaminta saboda mafitan takarda da ta raba a mazaɓarta. A Oktoban 2019 ministan tattalin arziki da ciniki Sugawara Isshu ya yi murabus bayan rahotannin cewa an raba wa mutanen mazaɓarsa 'ya'yan itace da ƙaguwa, kuma sakatarensa ya kai koden a madadinsa. A 2021 kotu ta ci shi tarar yen 400,000 ta kuma hana shi tsayawa takara na shekara uku. Ma'aikatan gwamnatin tsakiya kuma, dokar ɗa'a ta 1999 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun hana su karɓar kyauta daga duk wanda aikinsu ya shafi harkarsa, har da kuɗin ta'aziyya, kuma manyansu sai sun kai rahoton kyautar da ta haura yen 5,000 daga 'yan kasuwa.

Koriya ta Kudu ta bi wannan hanya da dokar da ake kira da sunan tsohuwar alƙaliyar kotun ƙoli Kim Young-ran, wadda ta fara aiki a Satumban 2016. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan jarida, ta kuma yanka iyaka: won 30,000 na abinci, 50,000 na kyauta, 100,000 na biki ko makoki. A 2018 aka rage kuɗin biki da makoki zuwa 50,000, a 2024 aka ɗaga na abinci zuwa 50,000. A Sin kuwa, duk da tushen al'adun ɗaya ne, lissafin ya sha bamban. Ambulan ta biki ja ce, fara ta makoki ce, alhali a Japan da Koriya farar ambulan ake kaiwa biki. Sinawa adadi mai rabuwa biyu suke so a aure, 600 ko 800, domin alheri bibbiyu yake zuwa, kuma ramuwa a wajensu daidai ce ko da ɗan ƙari. Gudun lamba huɗu ne ya haɗa ƙasashen uku. Wanda ya koyi ƙa'idar Beijing ya tafi da ita Osaka zai yi kuskure a launi da adadi gaba ɗaya.

A Japan ɗin kanta abubuwa suna sassautowa. Kamfanoni da yawa sun hana ma'aikatansu aika wa shugabanni kyautar Yuli da Disamba. Katin gaisuwar sabuwar shekara, wanda hukumar gidan waya ta buga sama da biliyan 4.4 a 2003, yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. A 2018 kamfanin cakulan Godiva ya sayi shafi guda a jarida yana kira da a daina cakulan dole da mata ke raba wa abokan aiki maza ranar 14 ga Fabrairu. Sai dai sababbin ƙa'idoji ma suna tsirowa: da aka fito da sabuwar takardar yen 10,000 mai hoton shahararren ɗan kasuwa Shibusawa Eiichi a Yulin 2024, an yi ta muhawara a intanet ko ta dace da ambulan ɗin aure, saboda an san shi da mata a waje. Irin wannan ba shi da tushe a al'ada, kuma yana ƙara wa matasa tsoron abin da asalinsa taimakon juna ne.

Canjin da ya fi girma yana wajen jana'iza. Tun kafin annobar korona ta 2020 ƙananan jana'izu na iyali zalla suna ƙaruwa, annobar kuma ta ƙara musu gudu. Gidaje da yawa, musamman a biranen yankin Osaka, yanzu sukan rubuta a sanarwar rasuwa cewa ba za su karɓi koden ba. Dalilinsu shi ne ɗawainiyar da ke biyo baya: tattara adireshin mutum ɗari ko fiye, lissafa rabin kowane adadi, zaɓen kaya da aikawa, duk a cikin makonni bakwai na farkon rashi. Idan ka ga an rubuta haka, kada ka matsa, kada ka tura ambulan ta hannun wani, kada kuma ka sauya ta da furanni masu tsada sai ka tabbatar ba a hana su ba, domin duk abin da ya shiga gidan sai an rubuta shi a littafi an kuma mayar da rabinsa. Wasiƙar ta'aziyya ko ziyara bayan kwana 49, bayan ka nemi izinin zuwa, ba sa ɗora wa iyalin komai.